Sarkin Wariya Ya Yi Babban Baƙo

Duk wanda ya tashi lissafa mazajen da suka tsaya wa baƙar fata a duniya, bai sa Kwamared Abdulfattah Gambo a sahun gaba ba, a yi masa uzuri, bai taɓa zuwa Haɗeja ba ne. Mutum ne dogo, kakkaura, mai tumbi irin na waɗanda gwagwarmaya ta karɓa. Ba ya fita sai da jar hula da jaka a hammata, ko da masallacin unguwa za shi. Shi ya kafa Ƙungiyar Yaƙi da Wariyar Launin Fata ta Duniya, reshen Haɗeja. Uwar ƙungiyar ba a kai ga kafa ta ba tukuna, amma reshen ya yi ƙarfi. Shi ne shugaba, shi ne kakaki, kuma ranar zaɓe shi ya duba hannun da aka ɗaga ya tabbatar nasa ne.

Magoya bayansa sun naɗa shi Sarkin Yaƙi da Wariya. Da yake mutanen Haɗeja ba su son wahalar da baki, sai suka gutsure sarautar ta koma Sarkin Wariya. Yana amsawa, har da jinjina.

Kowane gwarzo da ranar da aka taɓo shi. Shi tasa ta zo ne shekarar da ƙungiyar manoman shinkafa ta tura shi Turai wani ɗan gajeren kwas na noman rani. A cikin jirgin ƙasa ya zauna kusa da wata tsohuwar Baturiya. Ta dube shi sama da ƙasa, ta rungume jakarta, ta tashi ta canza kujera. Abin ya faru, ba ƙage ba ne, kuma duk mai zuciya a ƙirji ya san da ciwo. Har ya dawo gida abinci bai yi masa daɗi ba. Sai dai labarin irin na ƙasar fadama ne, da aka shuka shi sai ya yi ta yaɗo. Shekarar farko tsohuwa ɗaya ce ta tashi. Da aka kwana biyu sai ya zama duk taragon ne ya watse. A bana har direban jirgin ya taka birki ya fito kallo.

Kullum bayan la'asar ana shimfiɗa majalisarsa a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Nan yake buɗe waya ya duba inda aka taɓa baƙar fata a faɗin duniya. In aka jefi ɗan ƙwallo da ayaba a wani filin wasa na Turai, Kwamared ba ya iya zama. Ya miƙe, ya zagaya bishiya, ya yi Allah wadai da babbar murya, ya ayyana zaman makoki, ya sa a rage masa sukari a shayi har zuwa magariba. In ɗan sanda ya shaƙe baƙi a wata ƙasa, ranar har hawaye ake gani, kuma hawayen na gaske ne. Ba wanda zai ce mutumin nan ba shi da tausayi. Tausayinsa ne dai irin fitilar babbar mota, tana haska nesa, gindinta duhu.

Majalisar kuwa tana da tsari mai ban sha'awa. Kujerun roba na 'yan asalin gari ne, waɗanda aka san kakanninsu. Benci na 'yan kasuwa. Can inda inuwa ta ƙare akwai wata tsohuwar tabarma, ita ce ta mahauta da maƙera da masunta, in sun zo gaisuwa. An ma karrama su da kofinsu na kansu, an ɗaura masa jan zare a mariƙi don kada wani ya yi kuskure ya cuce su ya sha da shi.

Wata rana Malam Fannami, wani tsohon malamin firamare da ba ya iya haɗiye tambaya, ya nuna kofin ya ce shin wannan ba ƙanwar abin da tsohuwar jirgi ta yi ba ce? Kwamared ya yi murmushin da likita ke yi wa mai ba shi shawarar magani.

Ya ce, "Malam, ka yi karatu, amma ba ka fita waje ba. Wariya hawa-hawa ce, kamar kifi. Akwai giwar ruwa, akwai tarwaɗa, akwai 'yan mitsi-mitsin da ake watsa wa kaji. Wadda Bature ya yi wa baƙi, ita ce giwar ruwa, wariya ta ƙasa da ƙasa, wadda ake kiran taro a kanta. Ta Larabawa tana biye, amma ita ana taɓa ta a hankali, tunda muna zuwa Umara. Wannan kuwa da kake nunawa ba wariya ba ce, tsari ne. Gadonsa muka yi. Kowa ya san wurin zamansa, ai shi ne zaman lafiya. In muka tsaya tsintar ƙananan kifi, yaushe za mu kama babba? Ka taɓa jin an aiko wa mutum tikitin jirgi don ya sha ruwa kofi ɗaya da mahauci?"

Majalisa ta ɗauki tafi. Na kan tabarma ma sun tafa, don ba a ce kada su tafa ba. Malam Fannami ya kurɓi shayinsa, ya ce a ransa gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Gwagwarmaya ba ta ciyar da gida, saboda haka Kwamared yana da shago a kasuwa. Abin da ya fi tafiya a shagon shi ne man shafawar nan mai mayar da baƙa fara kafin sallah ta zagayo. Katan-katan ake sauke masa, kowane da hoton wata mai kama da madarar shanu. Masu hassada sun sha yi masa gori a kai. Amsarsa ɗaya ce: kasuwa daban, aƙida daban. In an matsa sai ya ƙara da cewa shi yaƙin da yake yi, na baƙar fata ta sami 'yancin zama duk launin da ta ga dama ne.

Ana nan sai damina ta zo da ƙarfinta. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, kogi ya rasa inda zai bi, ya bi ta gonaki. Matasan gari suka koma bakin jinga suna jera buhunan yashi, Allah ya taimaka garin ya tsira. Ƙauyukan fadama kuwa sai kan bukkoki ake hange. Mutane suka riƙa shigowa a kwalekwale da awaki da tukwane da tabarmi. Makarantun firamare suka cika har baranda. Waɗanda suka rasa wuri suka zube a jikin katangar wani ƙaton sito da ke bakin hanya, wanda ba komai a cikinsa sai ɓeraye, don shinkafar bara an sayar, ta bana tana ƙarƙashin ruwa. Siton na Kwamared ne.

A cikin mutanen nan akwai Bintu, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Bade mai sana'ar bandar kifi. Ta fito da jikoki da tsohuwar uwarta mai tari, wadda aka ɗauko a kan ƙyauren ɗaki. Bintun ce mutanen suka wakilta. Ta zo majalisa, ta tsaya daidai inda inuwa ta ƙare ba tare da an nuna mata ba, ta durƙusa ta yi gaisuwa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba abinci muka zo roƙo ba. Rufi muke nema. Ruwa ya kore mu ta ƙasa, ga shi yana bin mu ta sama. A buɗe mana siton nan, ko tsofaffi da yara su shiga."

Kwamared ya ajiye waya, a lokacin yana tsakiyar rubuta kakkausan martani ga wata jaridar ƙasar waje. Ya nisa. Ya ce wallahi ya tausaya, kuma ba wanda ya kai shi sanin zafin a ƙi mutum, shi da tarago guda ya watse saboda shi. Sai dai sito an keɓe shi don manyan tarukan ƙungiya. Ban da haka, ƙarnin kifi in ya kama bango ba ya fita. Ya kuma tuna mata, cikin lallashi, cewa su mutanen ruwa ne tun kaka da kakanni, ruwa ba baƙonsu ba ne. Abin da bai faɗa ba, amma kowa a kan kujerun roba ya ji shi, shi ne cewa yana hangen kujerar shugaban ƙaramar hukuma, su kuwa katin zaɓensu ba na nan ba ne.

Amma kada a ce ta tashi hannu wofi. Ya sa aka ɗauko mata wani tsohon ƙyallen taro na leda, mai faɗi, ya ce su yi maneji. Da yamma aka ga an kafa shi a kan sanduna a jikin katanga, tsohuwa tana tari a ƙarƙashinsa, a samansa an rubuta da manyan baƙaƙe: A DAINA WARIYA.

Ba a rufa mako ba aka bugo masa waya daga Abuja. Wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje ce take neman abokan aiki a yankin ambaliya, ta ga sunan ƙungiyarsa a intanet. Mai maganar ya ce Darakta da kansa ko da kanta, Turanci bai bambance ba, zai taso daga Landan ya zo ya gani da ido.

Daga Landan! Kwamared ya ji kamar an ɗaura masa fukafukai. Ga ranar da Bature zai zauna ya saurare shi, a garinsu, a gaban jama'arsa, ba damar canza kujera. Ga kuma abin da zai biyo baya: ofis, mota mai tambari, tarurruka a ƙasashen sanyi. Aka share sito aka yi masa farar ƙasa. Aka jera kujeru, aka ɗauko makaɗa, aka kayar da rago. Aka gayyato gidan rediyo su watsa kai tsaye. Ya sayi babbar riga mai aiki har gwiwa da hula, kyautar baƙo. Ya tsaya gaban madubi yana wasa Turancinsa har matarsa ta leƙo ta ga ko da wa yake faɗa. Su Bintu kuwa aka ce su kwashe komatsansu su koma bayan sito, kada baƙo ya iso ya tarar da wurin ba kyan gani.

Ranar taro hantsi ya yi, azahar ta gabato, ba jerin motoci. Ashe ruwa ya yanke hanya kafin a shigo gari, baƙin sun bar motarsu a tsallake, sun hau kwalekwale, sun tari adaidaita sahu. Ita ce ta tsaya a ƙofar sito, mutum biyu suka fito. Ɗaya namiji ne dogo, fari sol, mai dogon hanci da baƙin tabarau, da 'yar shara mai aljihuna da yawa. Ɗayar mace ce gajera, baƙa wuluk, da mayafi mara ado, da takalmin roba da laka ta yi wa kwalliya, ta rataya jaka a baya.

Mutum mai gogewa irin Kwamared ba ya ɓata lokaci wajen tambaya. Ya dubi farin, ya ga in ma ba Bature ba ne tsantsa, to ruwa biyu ne, ko kuma rana ce ta ɗan gasa shi a hanya. Ya buɗe hannuwa ya rungume shi, ya sakar masa Turancin madubi. Sannan ya waiga wajen matar ya ce da Hausa, "Ke, riƙe wa oga wannan," ya zare 'yar jakar da ke hannun mutumin ya miƙa mata. "Ki zagaya baya, akwai 'yan uwanki a can. Za a aiko muku da abinci in manya sun ci."

Matar ta dube shi, ta dubi jakar, ta karɓa. Ta ce, "To, ranka ya daɗe." Farin ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗan girgiza masa kai, ta yi gaba abinta. Ya sake buɗe baki, makaɗa suka saki kalangu. Kafin ya san inda yake an zura masa babbar riga, an kafa masa hula, an dasa shi a kujera mai hannu, wani yana yi masa fifita.

Kwamared ya karɓi lasifika. Ya fara da Turanci, ya ga jama'a sun yi zuru, ya koma yana yi yana fassara kansa. Ya taɓo cinikin bayi, ya taɓo mulkin mallaka, ya ratsa ta filayen ƙwallo. Ya kawo labarin jirgin ƙasa, wanda a wannan rana har 'yan sanda suka zo da karnuka. Duk lokacin da ya ce "ku Turawa" sai ya nuna baƙon da yatsa, baƙon ya sunkuyar da kai yana share gumi. Wannan ya ƙara wa Kwamared ƙarfi, ya ga lallai magana tana shiga. Da ya hango ɗan rediyo ya matso da abin ɗaukar magana, sai ya ji wani irin alheri ya taso masa tun daga tumbi.

Ya ce, "Mu a nan ba mu san bambanci ba! A wurina ɗan Adam ɗan Adam ne. Wannan sito da kuke gani, ni Kwamared Abdulfattah Gambo na sadaukar da shi ga duk wanda ambaliya ta kora. Bahaushe ne ko Bamange, Bafulatani ne ko mutumin Bade, masunci ne ko mahauci, ya shigo ya zauna har ruwa ya janye! A kai wannan labari Landan, su koyi zama da mutane!"

Guɗa ta tashi, kalangu ya amsa. Aka miƙa wa babban baƙo lasifika. Ya miƙe a hankali yana tattare riga, ya cire tabarau, ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Salamu alaikum. Ni sunana Yunusa, direba ne. Buzu ne ni, mutumin Agadas, amma a Kano na girma. Na gode da riga, Allah ya ƙara arziki. Dakta tana baya, inda aka tura ta."

Mai kalangu ne ya fara sauke hannu. Mai fifita ya tsaya da mafici a sama. Kwamared, wanda a iya saninsa Buzu maigadi ne, a bakin ƙofa ake ganinsa da butar shayi, ya tsaya yana kallon rigarsa mai aiki har gwiwa. Can wani daga ƙarshen sito ya kasa riƙewa ya tuntsire da dariya, sai wuri ya ɗauka.

Kwamared ya zagaya baya da sassarfa, jama'a na biye. A ƙarƙashin ƙyallen nan ya same ta, zaune a tabarma ta miƙe ƙafa, jikar Bintu a cinyarta, tana shan ruwa a kwanon da tsohuwa mai tari ta sha. Dakta Amira Adam ke nan, Daraktar da ake jira, 'yar mutanen bakin tafkin Chadi, wadda aiki ya kai Landan ya riƙe. A gefenta wani masunci ya kafa 'yar rediyonsa, kuma ta cikinta suka ji jawabin tun daga cinikin bayi har zuwa sadaukar da sito. Bintu ma har ta gama ɗaure tukwanenta.

Kwamared ya cire jar hula, abin da ba a taɓa gani ba. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ai da kin faɗa."

Ta ce, "Ai da ka tambaya." Ta sauke yarinyar ta miƙe tana kakkaɓe mayafi. "Kada ka damu, Kwamared. Ba yau aka fara miƙa mini jaka ba, a can ma ana yi. Sai dai ban taɓa ganin inda aka haɗa da makaɗa ba sai nan." Ta juya wajen Bintu. "Iya, kun ji alƙawarin da ya yi, duk jiha ta ji. A fara shiga da tsofaffi, ga hadari can ya haɗo."

Magana zarar bunu ce. Yana tsaye, hula a hannu, aka wuce da tsohuwa a kan ƙyaurenta, aka wuce da awaki, aka wuce da ragar kamun kifi tana ɗiga a kan sabuwar farar ƙasa. Da ruwan ya sauko, ya sauko ne a kan kwano, yara suna ta tsalle a ciki suna jin ƙararsa. Ragon da aka gasa don Landan, mutanen fadama suka ci shi, kuma sun yaba gashin. Kayan agajin da suka biyo baya aka danƙa su a hannun wani kwamiti na su masu abin, Bintu a gaba, Malam Fannami yana taya su rubutu. Reshen Haɗeja bai sami ofis ba, bai sami mota ba. Yunusa ya koma tsallake da rigarsa, don ba a san yadda ake cewa a dawo da kyauta a gaban rediyo ba.

Korar su kuwa ba ta taso ba. Gidan rediyo ya ɗauki jawabin ya riƙa maimaita shi safe da yamma a matsayin abin koyi ga masu hali. Liman ya ambace shi a huɗuba. Mutane suka riƙa tare Kwamared a hanya suna sa masa albarka, shi kuwa yana amsawa da tawali'u, yana cewa ai tun ranar da ruwa ya zo abin yake ransa. Sai in ya biyo ta gaban sito, iska ta kaɗo masa ƙamshin banda, sannan ake ganin muƙamuƙinsa yana motsi kamar mai tauna tsakuwa.

Da ƙura ta lafa mai hoto ya kawo masa hotunan taro. Akwai wanda ya rungume Yunusa cikin babbar riga, akwai wanda aka ɗauke shi tsaye kusa da Dakta a bayan sito. Ya zaɓi na farkon, ya sa aka faɗaɗa shi, aka yi masa gilashi, ya rataye a falo, aka rubuta a ƙasa: Kwamared tare da tawagar Landan. Malam Fannami ya zo gaisuwa, ya daɗe yana kallon bango, ya ce ina na Daktar?

Kwamared ya girgiza kai cikin takaici. Ya ce, "Bai fito ba, Malam, duhu ya yi yawa. Ka san na'urorin nan Turawa ke ƙera su, da gangan suke yi don kada baƙar fata ta fito. Wariya ce tsagwaronta, kuma wallahi sai na ɗauki mataki."